Zuma a cikin giyar Turawa ruwan ƙasa: ina zaƙin yake tafiya?

Ranar 1 ga Satumba, 2012, fadar shugaban Amurka ta fitar da wata takarda da ba ta shafi yaƙi ko haraji ba. Bayani ne na yadda ake dafa giya a kicin ɗin fadar. Tun farkon 2011 Barack Obama ya sayi kayan haɗa giyar gida da kuɗin aljihunsa, ya miƙa wa masu yi masa girki, su kuma suka shiga gwaji. Zumar da suke zubawa daga amyar da aka kafa a farfajiyar kudu ta fadar a 2009 take fitowa, kusa da lambun kayan miya na Michelle Obama. Da labari ya bazu, masu sha'awar harkar suka yi ta sa hannu a takardar koke ta intanet, har fadar ta saki sirrin. Sam Kass, ɗaya daga cikin masu girkin, shi ya rubuta bayanin. Ya ce ta farko da suka dafa ita ce White House Honey Brown Ale, sannan ya ƙara da wata magana: zumar tana ba giyar ƙamshi, tana gyara yadda take sauka a ƙarshe, amma ba ta sa mata zaƙi.

Duk wanda ya taɓa ɗiga zuma cokali ɗaya a kunu zai ce da sake. A lissafin da fadar ta bayar, zuma giram 454 ake zubawa a tukunyar da za ta fitar da kimanin lita 19. To ina zaƙin ya shiga? In kuma babu zaƙi, me masu ɗanɗano suke nufi idan suka ɗaga kofi suka ce sun ji zuma?

Sai a fara da giyar kanta. Ingila ce asalin abin da suke kira brown ale, wato giya ruwan ƙasa, wadda ta fi laga (giyar nan mai haske) duhu amma ba ta kai sitawut (baƙar giya) baƙi ba. Abu huɗu ne ginshiƙinta: ruwa, tsiron sha'ir, furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hops, da yis. Tsiro ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu kunun zaƙi kan jiƙa dawa ko shinkafa, su bar ta ta tsira, su shanya, su niƙa, su zuba a ƙullu mai ɗumi. Kafin wani lokaci kunu ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da an sa sukari ba. Masu dafa burkutu ma da tsiron dawa suke farawa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayar hatsi idan ta ji danshi ta soma tsira, tana farkar da wasu sinadarai da ake kira inzayim, waɗanda aikinsu shi ne daddatsa sitaci ya koma sukari don ɗan tsiron ya ci. Mai giya yana tsayar da tsirar a rabin hanya ta hanyar busarwa, daga baya ya ɓarza tsiron, ya jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68, inzayim su ƙarasa aikinsu a cikin tukunya. Ruwan da ake tacewa daga nan mai kauri ne, mai zaƙi, babu barasa ko ɗigo a cikinsa. Wanda ya san Maltina ko Malta Guinness ya san ɗanɗanon wannan mataki, don su ma a tushensu ruwan tsiro ne da ba a bari yis ya cinye sukarinsa ba.

Launin kuwa daga wuta yake. Idan aka busar da tsiro a zafi kaɗan, fari yake fitowa. Idan aka ƙara wuta, sukari da sinadaran furotin da ke cikin ƙwayar sai su haɗu su haifar da launi da ƙamshi iri-iri. Wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce dai ke aiki a ɓawon burodi, da gyaɗar da aka soya a yashi, da tsiren da ya gasu. Akwai tsiron da ake turarawa da danshinsa har sitacin ya narke ya zama sukari a cikin ƙaiƙayinsa, sannan a busar, ya daskare kamar alewa; shi ke ba da ɗanɗanon sukarin da ya soma ƙonewa. Akwai wanda ake gasawa ya yi duhu har ya riƙa ƙamshin koko ko gahawa, alhali bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. A giya ruwan ƙasa, mafi yawan hatsin farin tsiro ne, masu duhun ɗan kaso ne, amma su ke da bakin magana. Shi ya sa Samuel Smith's Nut Brown Ale, da ake yi a garin Tadcaster, take da garɗin gyaɗa ba tare da an sa mata ƙwaya ɗaya ba. A riƙe wannan, don zai dawo idan muka zo kan zuma.

Tarihinta a Ingila yana da giɓi mai faɗi. A da, giyar Landan ruwan ƙasa take fitowa saboda a kan wutar itace ake busar da tsiro. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 masu giya suka fara amfani da ma'aunin sukari, suka gano cewa farin tsiro, duk da tsadarsa, ya fi tsiro mai duhu ba da sukari a kowane mudu. Sai ga Daniel Wheeler a 1817 da gangar gasa tsiro har ya yi baƙi ƙirin, yadda ɗan kaɗan zai rina tukunya guda. Daga nan tsohuwar giya ruwan ƙasa ta kwanta dama kusan shekara ɗari. A 1902 kamfanin Mann's na Landan ya farfaɗo da sunan da wata giya mai zaƙi, mai ƙarancin barasa, wadda a yau ƙarfinta kashi 2.8 ne cikin 100. A 1927 Kanar Jim Porter ya fito da Newcastle Brown Ale a arewa maso gabashin ƙasar, wadda daga baya ƙarfinta ya tsaya a kashi 4.7, ba ta kuma kai ta Landan zaƙi ba, ta zama abin shan ma'aikatan ma'adinai da na tashar ƙera jiragen ruwa.

Zancen zuma kuwa ya fi ƙarfi a Amurka, kuma yana da dalili. Dokar haramta giya ta 1920 zuwa 1933 ta kashe ƙananan masana'antu da yawa, waɗanda suka tsira kuma manya suka yi ta haɗiye su, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a faɗin ƙasar ba su kai 100 ba, kusan duka laga mai ruwa-ruwa iri ɗaya suke yi. A watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida, ta fara aiki a Fabrairun 1979. Daga cikin masu dafawa a gareji da kicin ne aka sami waɗanda suka buɗe ƙananan kamfanoni: Ken Grossman ya kafa Sierra Nevada a 1980, Pete Slosberg ya fito da Pete's Wicked Ale a 1986, wadda ta buɗe wa giya ruwan ƙasa irin ta Amurka kasuwa. A shekarun baya-bayan nan adadin masana'antun ya haura 9,000. Ƙungiyarsu, Brewers Association, ta ce kafin a kira kamfani na sana'ar hannu sai ya zama ƙarami kuma mai cin gashin kansa: kada abin da yake fitarwa ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kada kuma hannun jarin babban kamfanin barasa a cikinsa ya kai kashi 25. Ganga ɗaya lita 117 ce, don haka wannan ƙanƙantar ta su ce can. Amma mafi yawansu ƙanana ne na gaske, kuma tunda ba za su iya ja da manya a farashi ko talla ba, sai suka koma gasa a kayan haɗi: wannan ya sa gahawa, wancan kabewa, wani barkono, wani zuma. A Bavariya ta Jamus, inda dokar 1516 ta taƙaita giya ga ruwa da sha'ir da hops, irin wannan haɗin da ba shi da wurin zama.

Yanzu ga inda zaƙin yake ɓacewa.

Yis halitta ce mai rai, ƙwaya guda, abincinta sukari. Irin da ake amfani da shi a giya ruwan ƙasa ɗan'uwan na burodi ne, yana aiki a zafin digiri 15 zuwa 22, ba kamar na laga ba da ke son sanyi. Idan ya ci sukari inda babu iska, abu biyu yake fitarwa: barasa da iskar kabon dayoksaid. Lissafin a bayyane yake, gulukos giram 180 yana komawa barasa giram 92 da iska giram 88. Wato kusan rabin nauyin sukarin ya zama barasa, rabi ya fice a kumfa.

Amma yis yana da zaɓe. Ƙananan sukari yake iya haɗiya, irin su gulukos da furuktos da maltos. Ruwan tsiro kuwa ba su kaɗai ke cikinsa ba. Akwai dogayen guntayen sitaci da inzayim ba su gama daddatsawa ba, ana kiran su destirin, waɗanda suka fi ƙarfin bakin yis. A yawancin giyar irin wannan, abin da yis yake cinyewa daga ruwan tsiro bai cika wuce kashi uku cikin huɗu ba. Ragowar ita ke zama a kwalba, ita ke ba giya kauri a baki da ɗan zaƙin da ake ji a bayan harshe.

Zuma ba haka take ba. Ruwanta kashi 17 zuwa 18 ne, sauran kusan duka sukari: furuktos wajen kashi 38, gulukos wajen kashi 31, sai ɗan maltos da wasu. Ƙudan zuma sun riga sun yi wa yis aikin daddatsawa tun a saƙa. Kimanin kashi 95 na sukarin zuma yis yana iya cinye shi tas. Mutum zai tambaya, in haka ne me ya sa zuma take shekara a kwalba ba ta lalace ba? Ƙarancin ruwan ne ke tsare ta. Sukarin ya yi yawa har yana zuƙe ruwan jikin duk ƙwayar halittar da ta faɗa ciki. Da zarar ruwan ya haura kashi 19 zuwa 20, kariyar ta soma karyewa, shi ya sa zumar da aka ɗebo ba ta nuna ba, ko wadda mai sayarwa ya yi wa algus da ruwa, take tashin kumfa ta yi tsami har ta kumbura jarka. Mai giya da ya narkar da zuma a lita 19 na ruwan tsiro ya cire mata kariyar gaba ɗaya, ya miƙa ta ga yis mai jin yunwa.

Sakamakon ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Wancan giram 454 na zuma ba ya ƙara wa tukunyar zaƙi. Abin da yake ƙara mata shi ne barasa, kusan kashi 1 cikin 100. In kuma mai dafawa ya rage tsiro ya maye gurbinsa da zuma don ƙarfin ya tsaya yadda yake, to giyar ta rasa destirin ɗin da tsiron zai bari, sai ta fito a tsinke, zaƙinta bai kai na wadda ba a sa wa zuma ba. A bakin masu harkar, cewa suke zuma tana busar da giya. Abin da ya fi komai zaƙi a cikin kayan haɗin shi ne ke rage zaƙin abin da aka haɗa.

A nan ya kamata a tsaya kaɗan, don zuma tana da matsayi a wurin Bahaushe wanda sauran kayan zaƙi ba su da shi. Magani ce, Alƙur'ani ya ambace ta da waraka a Suratun Nahli, kuma da wuya a shiga gida ba a tarar da kwalbarta ba. Wanda ya je Landan ko Niyok ya ga kwalba da hoton ƙudan zuma da saƙa yana iya zaton wani abu ne mai sauƙi, ko ma mai amfani ga jiki. Lissafin da ke sama ya nuna akasin haka. Tambayar ma ba sabuwa ba ce. Ya zo a Bukhari cewa da aka tura Abu Musa al-Ash'ari Yaman, ya tambayi Annabi (SAW) game da abubuwan sha biyu na mutanen can, bit'u da ake yi da zuma da mizru da ake yi da sha'ir, amsar kuwa ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Sayyidina Umar ma, da yake lissafa abubuwan da ake yin giya da su, ya ambaci inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir. Zuma da sha'ir ɗin nan su ne dai a kwalbar da muke magana a kai. Ta fuskar lafiya ma babu rangwame: inzayim ɗin zuma ba sa jure tafasa, kwalba mai mililita 330 da ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da barasa zalla wajen giram 13, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar illa.

Haɗin da kansa ya girmi duk wannan. Binciken da Patrick McGovern na Jami'ar Fensilbeniya ya yi a kan tukwanen Jiahu a ƙasar Sin, masu shekara kusan 9,000, ya nuna alamun abin sha na shinkafa da zuma da 'ya'yan itace. A wani kabarin sarauta da aka tono a Godiyon ta Turkiyya a 1957, ya gano saura na sha'ir da zuma da inabi a tasoshin sha. A Habasha har yau ana yin wata giya mai suna tej da zuma da ganyen wata shuka da ake kira gesho. Kafin rake ya wadata duniya, zuma ce hanya mafi sauƙi ta samun sukari mai yawa a ɗan wuri, mutanen da kuwa ba ƙamshi suka je nema ba, ƙarfi suke so.

Na yau su ƙamshin suke nema, kuma nan ne aikin yake da wuya. Abin da ke bambanta zuma da ruwan sukari ɗan mitsitsi ne a awo: sinadarai masu tashi a iska da ƙudan zuma suka kwaso daga fure. Su yis ba ya cinyewa, amma suna da abokan gaba biyu. Na farko zafi. Ana tafasa ruwan tsiro da hops kimanin awa guda, duk zumar da aka zuba tun farko ƙamshinta ya bi tururi. A bayanin fadar Amurka, sai saura minti 5 a sauke ake zuba zumar. Wasu ma ba sa bari ta ga tafasa, sai an sauke wuta, ko sai bayan yis ya ci ƙarfin aikinsa. Dalilin wannan jinkiri shi ne abokin gaba na biyu, wato iskar da yis ke fitarwa. A kwanakin farko tukunya tana ɓulɓulowa ba dare ba rana, kowane kumfa da ya fashe yana tafiya da ɗan ƙamshi. Jinkirin ma da nasa haɗarin, domin ɗanyar zuma tana ɗauke da yis ɗin daji da sauran ƙwayoyin halitta da suke kwance suna jiran ruwa. In suka farka suna iya sa giyar tsami ko wari. Kowane mai dafawa yana zaɓa ne tsakanin tsafta da ƙamshi.

Irin zumar ma magana ce. Mu da muka san bambancin farar zuma da baƙa, da wadda take zuwa da ƙaurin hayaƙi saboda da wuta aka kori ƙudan, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Amurka zumar furen kuloba ce ta fi yawa, fara ce, ƙamshinta sanyi-sanyi, da wuya ta bar alama. Zumar furen lemo tana barin ɗan ƙamshin fure. Ta furen bakwit, wata shuka mai ƙwaya kamar hatsi, baƙa ce, mai nauyi, kaɗan ma tana cika hanci, wasu har wari suke ji a cikinta. A Sikotilan suna da ta furen heza da ke fitowa a tsaunuka.

A ganina, giya ruwan ƙasa tana cikin wuraren da zuma ta fi shan wahalar bayyana. In ana son a ji zuma sosai, giya mai haske ta fi dacewa, irin Honey Dew ta kamfanin Fuller's na Landan, inda babu gasasshen tsiro da zai danne ta. A mai ruwan ƙasa kuwa, ƙamshin burodi da gyaɗa da alewa sun riga sun cika fili. To me ya sa ake yawan haɗa su? Domin baki yana yarda da haɗin tun kafin ya ɗanɗana. Launin ya yi kama da na zuma, zaƙin tsiron da aka turara yana nan, sai zumar gaske ta ɗora ɗan ƙamshin fure a sama, ƙwaƙwalwa ta tattara duka ta sa musu suna ɗaya. Zaƙin na sha'ir ne, yabon na zuma.

Masu ɗanɗano na ƙwarai sun san da wannan tarko, shi ya sa suke da tsari. A gasannin Amurka da ke bin ƙa'idar hukumar horar da alƙalan giya ta BJCP, wadda aka kafa a 1985, maki 50 ake rabawa: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10. Dubi yadda ido ya tashi da maki 3 kacal. Ba a kawo giya ruwan ƙasa da ƙanƙara. Wajen digiri 10 zuwa 13 ake so, irin sanyin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidajen shan Ingila, saboda sanyi mai tsanani yana kulle ƙamshi, ƙamshin zuma kuwa shi ne farkon kulluwa. Alƙali yana fara shinshinawa da zarar an zuba, kafin ya tsaya duba launi, don abin da ya fi rauni shi ke fara gudu. Sai ya ɗaga kofin a haske ya ga ko ruwan ya washe, ya dubi kumfar, wadda a irin wannan giya ba fara fat take ba, tana da ɗan launin ƙasa.

Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da garɗin nan na nama ko daddawa. Duk sauran, gyaɗa ne, koko ne, fure ne, zuma ce, aikin hanci ne, ta hanyar iskar da ke hawa daga maƙogwaro zuwa bayan hanci lokacin da mutum ya fitar da numfashi. Wanda mura ta toshe wa hanci ya san yadda abinci ke komawa lami. Wannan yana cikin dalilan da suka sa alƙalan giyar hatsi suke haɗiyewa, ba kamar na giyar inabi ba da ke kurɓa su tofar: ɗacin hops da abin da ke saura bayan haɗiya suna cikin abin da ake ba maki. A giya ruwan ƙasa ɗacin matsakaici ne, 20 zuwa 30 a ma'aunin da suke kira IBU, daidai yadda zai riƙe zaƙin tsiro kada ya gundura. Abin da alƙali yake nema a mai zuma shi ne jerin da ke tafiya kamar haka: gaba ta zo da burodi da alewa, tsakiya da ɗan koko, sannan ƙarshen ya yanke da wuri ba tare da danƙo a baki ba, ɗan ƙamshin fure ya biyo numfashi. Wannan yankewar da wuri ita ce sa hannun zuma, fiye da duk wani zaƙi. In an cika ta da yawa kuma, sai a ji ɗumin barasa a maƙogwaro, jikin giyar ya zama ruwa-ruwa.

Sauran aikin alƙali farautar aibu ne. Ƙamshin man shanu yana nuna an raba giyar da yis kafin ya gama share bayansa. Bauri irin na shayin da ya daɗe a buta yana nuna an matsa wa ƙaiƙayin tsiro da ruwa mai zafi. Wari mai kaifi yana zuwa idan hasken rana ya bugi sinadaran hops, shi ya sa yawancin kwalaben giya masu duhu ne.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, idan alƙali ya rubuta zuma a takardarsa, ba lallai ne ƙudan zuma suna da hannu a ciki ba. Akwai wani tsiro da kamfanin Gambrinus na Kanada yake yi, ana sayar da shi da sunan honey malt, sha'ir ne zalla da aka sarrafa ta yadda zai ba da zaƙi da ƙamshi masu kama da zuma. Da yake zaƙinsa yana tsira daga bakin yis, sau da yawa ya fi zumar gaske kama da zuma a kofi, kuma masu dafawa da yawa suna haɗa su biyun: zumar don a rubuta a kwalba da gaskiya, tsiron don mai saye ya ji abin da ya biya. Akwai kuma masu zuba zuma a ƙarshe bayan sun tace yis ko sun kashe shi da zafi. Wannan kam tana zaƙi, amma dole a tabbata babu yis mai rai da ya saura, in ba haka ba zai ci gaba da aiki a cikin kwalba har ta fashe.

Sai hanya ta uku, wadda masu sayarwa ba sa so a ambata. Giyar da ta daɗe a kanta, musamman a wuri mai zafi, iskar oksijin da ta saura a kwalba tana canza ta a hankali. Cikin sinadaran da ke ƙaruwa akwai fenilasitaldihaid da damasinon, kuma dukansu biyu ana samun su a zumar gaske. Don haka giyar da ba ta taɓa ganin zuma ba tana iya soma ƙamshin zuma saboda tsufa kawai. Gogaggen alƙali yana rabewa ta abin da ya rako ƙamshin: in ya zo tare da fure da tsafta, zuma ce, in ya zo da nauyi, hops ya dushe, ga wani wari kamar na jiƙaƙƙen kwali, to kwalbar ce ta kwana biyu.

Rubutun jikin kwalba ma yana shiga baki. A 2001 masu bincike a Bodo ta Faransa suka rina farar giyar inabi da jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giyar inabi, sai ga su suna siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. In launi kaɗai ya yi wa masu horo haka, hoton saƙar zuma a kwalba ba zai bar mai saye ba. Maganin da masana'antu ke amfani da shi, wanda aka inganta a kamfanin Carlsberg na Denmak tun shekarun 1940, shi ne gwajin kofi uku. A ajiye wa mutum kofuna uku marasa suna, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya fitar da baren. Ko da ka ne ya yi, zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai waɗanda suka gane sun haura wannan kaso sosai kafin a yarda akwai bambancin da baki ke ji. Mai dafawar da yake son sanin ko zumarsa ta yi aiki, hanyar ke nan: ya raba tukunya biyu, rabi ya sa zuma, rabi ya sa farin sukari daidai nauyin sukarin da ke cikin zumar, yis ɗaya, zafi ɗaya, kwanaki ɗaya, sannan ya sa wani ya zuba a kofuna bayan ya juya baya.